Shinkafar ɓera ba za ta raba mu da ɓera ba

Da hunturu ya kama, sanarwar zazzaɓin Lassa takan fara yawo a rediyo da zaurukan WhatsApp na 'yan kasuwa da na masallatan unguwa. Jami'an lafiya suna faɗin abubuwa da dama: a rufe abinci, a wanke hannu, a garzaya asibiti in zazzaɓi ya ƙi jin magani. Amma abin da yake isa kunnen mai shago a Agege ko mai rumfa a Mile 12 guda ɗaya ne, a kashe ɓera. Daga nan sai kasuwar masu shinkafar ɓera ta buɗe. Ni a ganina wannan hanya da muka riƙe shekara da shekaru ba ta rage mana ɓera ba, gidajenmu kawai ta cika da guba. Lokaci ya yi da gwamnatin Legas da shugabannin kasuwanninmu za su hana tallan gubar nan a kan titi, su koma kan abin da yake tara ɓeran tun farko.

Duk mai bin bakin titin jirgi a Agege ya san masu tallan nan. Baro ne ko faranti, an rataya busassun ɓeraye a jikin sanda don shaida, ga lasifika tana maimaita alkawari cewa ɓera zai ci ya mutu ya bushe ba tare da wari ba. Kayan kuwa ƙulli-ƙulli ne a farar leda, wani baƙin gari, wani jajayen ƙwayoyi masu kama da alewar yara. Babu sunan maganin a jiki, babu lambar NAFDAC, babu bayanin abin da za a yi in yaro ya haɗiya. Hannun da ya ƙulla shi ne yake miƙa canji, kuma taku biyu daga wurin wata baiwar Allah tana suyar awara. Mai saye ba ya tambaya, mai sayarwa ma sau da yawa bai san abin da ke cikin ledar ba.

Tambayar da ya kamata a fara da ita ita ce: wane ɓeran ake son kashewa? Masana sun ƙidaya nau'i fiye da 2,000 a dangin nan, wato kusan 40 cikin 100 na dukan nau'o'in dabbobi masu shayarwa. Abin da ya haɗa su haƙoran gaba ne, biyu sama biyu ƙasa, waɗanda ba sa daina tsiro har mutuwa. Dole dabbar ta yi ta gwaguya don su riƙa dushewa, shi ya sa ɓera ke cin wayar lantarki da ƙofar katako da ba za su ƙosar da shi ba. In ka ɗebe Antatika, babu nahiyar da ba su. A Amurka ta Kudu akwai kafibara mai zama a bakin fadama, nauyinta yakan haura kilo 50. A hamadar Pakistan akwai wani ɗan mitsitsi mai tsalle da bai wuce giram 4 ba. A Kanada da arewacin Turai akwai mai sare bishiya da haƙori ya datse rafi, har ya mai da busasshen wuri tafki. A Kenya da Habasha da Somaliya akwai wani marar gashi da ke rayuwa a ƙarƙashin ƙasa, yana kai shekara 30 ko fiye, kuma da wuya ciwon daji ya kama shi, don haka likitoci suka duƙufa a kansa. A can gabashin Afirkan akwai wanda yake tauna ɓawon bishiya mai dafi ya shafa a gashinsa, karen da ya cije shi ya shiga uku.

Mu ma da namu. Kurege da beguwa da gafiya da gyazbi duk 'yan gidan ne. Bushiya da zomo ba sa ciki, haka ma jaɓa, wadda muke bi da takalmi alhali kyankyasai da ƙwari take ci mana. Akwai wani ɓera mai kaushin gashi da ba a san shi a ko'ina a duniya ba sai a tsaunukan Jos, akwai wani kuma da ba a samunsa sai a duwatsun Gotel da ke iyakarmu da Kamaru. Iyayenmu manoma sun san bambancin nan sarai. Tsoho zai kalli bakin rami ya ce maka na gafiya ne ko na kurege, ya kalli yankan karan dawa ya ce gyazbi ne ya shigo daga fadama. Mu da muka taso a birni mun rasa wannan ido, duk abin da ya gilma da wutsiya amsarmu ɗaya ce.

Daga cikin dubban nan, waɗanda suke kwana da mu a Legas ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, kuma uku daga cikinsu baƙi ne da jiragen ruwa suka kawo. Akwai baƙin ɓera mai doguwar wutsiya, gwanin hawa, wanda ake jin gudunsa a silin da dare, asalinsa yankin Indiya. Akwai ƙaton nan na kwata mai ruwan ƙasa, mai haƙa rami da iyo, wanda ya fito daga arewacin Sin. Akwai ɗan kusun cikin ɗaki, wanda ramin da fensir zai shiga ya ishe shi wucewa. Sai kuma ɗan ƙasa, ɓeran nan mai nonuwa da yawa, har sukan haura 20, wanda ya fi son ƙauye da gefen gari inda gida ke haɗe da gona. Kowannensu da inda yake kwana, da abin da yake ci, da cutar da yake ɗauka.

Wannan na ƙarshen shi ne babban mai ɗauke da ƙwayar Lassa. An fara gane cutar a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu, bayan ta kashe wasu ma'aikatan jinya na mishan. Ɓeran yana yawo da ita lafiya lau, yana zubar da ita a fitsari da kashi a kan hatsi da garin kwaki da aka shanya a bakin hanya. Kusan 80 cikin 100 na waɗanda suka kamu ba sa jin jiki sosai, amma wanda ta kwantar a asibiti yana cikin haɗari babba, mai tsohon ciki ta fi kowa, kuma da yawa daga waɗanda suka tashi sukan rasa ji. Alƙaluman hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, na shekarun nan suna nuna Ondo da Edo da Bauchi da Taraba a sahun gaba. To ka ga hanyar da cutar ta fi saurin shigowa Legas ita ce jikin matafiyi da ya kamu a can, da buhun da aka cika a can, tun da takan yi har kwana 21 kafin ta bayyana. Motocin da ke sauke mana wake da masara da albasa daga can suke fitowa, mu ne kuma muke kwana a kan buhunan. Zuba guba a kwatar Idi-Araba ba zai tare wannan ƙofa ba. Abin da zai tare ta shi ne yadda aka shanya kayan da yadda aka adana su tun daga gona, da kuma ɗan dakon da zazzaɓi ya kama ya samu gwaji da wuri maimakon a yi ta ɗura masa maganin maleriya a kemis.

Ɓeran kwata kuwa tasa cutar daban, kuma ba na jin ana maganarta. Fitsarinsa yana ɗauke da ƙwayar leftosfira, wadda ke shiga jiki ta ƙaramin rauni ko faso idan mutum ya taka gurɓataccen ruwa. Tana farawa kamar maleriya ko taifot, in ta yi tsanani ta kawo shawara ta taɓa ƙoda. A garin da ambaliya ke cika tituna duk damina, 'yan uwanmu masu tura kura da 'yan ga-ruwa da masu wankin mota suna wuni da silifa a cikin ruwan nan. Takalmin roba mai tsawo da yashe kwata sun fi musu amfani fiye da buhun guba.

Ikko ta taɓa ganin abin da ya fi wannan. A 1924 annobar nan mai kumbura kaluluwa ta ɓarke a tsibirin Legas, ba ta lafa ba sai 1931. Baƙin ɓera ne ya yaɗa ta, amma ta hanyar ƙumar da ke jikinsa. A irin wannan annoba, in ka fara da kashe ɓera kafin ka kashe ƙuma ka ƙara wa wuta fetur, domin da gawar ta huce sai ƙumar ta yi tsalle ta nemi jinin mutum. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa kisa ba tare da sani ba yana iya zama musiba. Akwai kuma darasi na biyu da ya fi damuna. Turawan mulki sun bar unguwannin talakawa ba magudana ba shara, sai da gawa ta fara yawa suka kafa hukumar tsara birni a 1928, aikinta na farko kuma rusau ne. Mu mazauna zango mun san wanda katafila take fara ziyarta in aka ce gari ya ƙazantu. A Oktoban 2023 gwamnatin jihar ta rufe kasuwar Mile 12 na 'yan kwanaki saboda shara, kuma kowa ya san abin da kwana ɗaya ke yi wa kwandon tumatir. Don haka maganar ɓera a wurinmu maganar lafiya ce, kuma maganar zamanmu a garin nan ce.

A kan gubar kanta, lissafin ba ya fita. Macen ɓera tana ɗaukar ciki na kimanin mako 3, ta haifi 6 zuwa 12, 'ya'yan kuma su fara nasu cikin wata 2 zuwa 3. In ka kashe rabinsu ka bar abinci da maɓoya yadda suke, ka rage wa sauran gasa ne kawai. An gwada wannan a ƙauyukan yankin Faranah na ƙasar Gini, inda Lassa ta yi katutu: an zuba guba gida-gida, ɓerayen suka ragu ƙwarai, cikin 'yan watanni suka dawo. Ɓera kuma ba wawa ba ne. Yakan ɗanɗani baƙon abinci kaɗan ya jira, in cikinsa ya murɗa ba zai sake kusantarsa ba. Gubar da ke tsinka jini a hankali an ƙirƙiro ta ne don a kauce wa wannan wayo, amma tun 1958 aka samu ɓerayen da ba ta kashewa a Sikotilan. Sai aka ƙara mata ƙarfi, ƙarfin da ya sa take daɗewa a hantar ɓeran da ya ci. Kyanwar da ta kama shi ta ci guba, shirwa ta ci, mujiya ta ci. Mujiyar nan da muke jifa saboda camfi, gida ɗaya nata yana cinye ɓeraye fiye da dubu a shekara, har manoman Malesiya da Isra'ila da Jodan suna kafa mata akwatuna a gona don ta zauna. Mu kuwa muna kashe mai yi mana aiki kyauta, sannan mu sayi leda.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Wanene a cikinmu bai taɓa jin labarin yaro mai rarrafe da ya tsinci ƙwaya a bayan kujera ba, ko kaji da suka mutu rana ɗaya, ko shari'ar da aka ce an zuba shinkafar ɓera a abinci? Akwai kuma matasan da baƙin ciki ya rufe wa ido na ɗan lokaci, abin da ya fi kusa da hannunsu shi ne ledar da ke kan taga. A 2019 NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalaben maganin ƙwari irin su Sniper saboda irin wannan dalili. Ban ga abin da ya sa gubar ɓera marar suna za ta ci gaba da zama a faranti kusa da makarantar allo ba.

Na san abin da za a ce mini, domin an sha faɗa mini. Wani dattijo mai sayar da wake, da na kawo masa wannan magana a shagonsa, bai yi gardama ba, sai ya ɗaga buhun da ke jikin bango ya nuna mini gindinsa. An huda shi wuri uku, wake ya zube ya cakuɗe da baƙin kashi kamar ƙwayar shinkafa, ga zarnin fitsari. Ya ce, "Ɗana, wannan wa zai biya ni?" Na ce, "Baba, gaskiyarka." Kuma gaskiyarsa ce. Uwar da ɓera ya ciji yatsan jaririnta cikin dare ba ta da lokacin sauraron tarihin kafibara. Ban ce a bar ɓera ya yi yadda ya so ba. Addininmu ma ya sa shi cikin dabbobi biyar da aka halatta kashewa ko da a Harami. Sai dai a duba abin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya haɗa da wannan: a rufe ƙwarya, a ɗaure bakin salka, a kulle ƙofa, a kashe fitila kafin barci don kada ɓera ya ja lagwani ya ƙona gida. Duk matakan hana shi samun dama ne. Ya kuma yi umarni da kyautata kisa, abin da ya sa takardar gam ɗin nan da ɓera ke kwana yana kuka a kanta ba ta kwanta mini ba. Tarkon ƙarfe mai kashewa nan take ya fi, ka ga abin da ka kama, ka ɗauke shi da leda a hannu ka binne, ba ya ruɓe a silin.

Bayan mun gama magana na lura shagon dattijon babu dandamali. Buhuna a kan siminti suke, manne da bango, ƙasan ƙofa kuma da rata da hannun yaro zai shiga. A garinsu ba zai taɓa ajiye hatsi haka ba. Rumbun da kakanninmu suka gina a kan duwatsu yake, an ɗaga shi daga ƙasa, an shafe jikinsa sumul, bakinsa a sama da murfi. Mun zo birni mun bar wannan hikima a gida. Katako a ƙarƙashin buhu, tazara tsakanin kaya da bango yadda mutum zai zaga, falle na ƙarfe a gindin ƙofa, siminti da raga a kowace kafa, durom mai murfi ga mai ƙaramin jari: kuɗinsu sau ɗaya ne, na guba kuwa kowane wata.

Hausawa suka ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. A shiga kowace kasuwar gwari bayan magariba a ga abin da ake bari: tsibin ruɓaɓɓen tumatir, ganyen kabeji, ɓawon albasa, ragowar abincin masu tuwo, duk a bakin kwata har gari ya waye. Hukumar kwashe shara ta jihar, LAWMA, ta sha faɗin cewa Legas na fitar da shara kimanin tan 13,000 a kullum, kuma kaso mai yawa ragowar abinci ne. Sharar safiyar Alhamis da ake rufe shaguna dominta tana da kyau, amma ɓera ba mako-mako yake cin abinci ba, kowane dare yake ci. Birnin New York, da duk dukiyarsa, ya shafe shekaru yana zuba guba, a 2023 ya naɗa jami'a ta musamman kan ɓeraye, kuma babban abin da suka koma yi shi ne tilasta zuba shara a mazubi mai murfi maimakon jibge leda a bakin titi. 'Yan kasuwarmu suna biyan kuɗin shara da tikiti iri-iri. Haƙƙinsu ne su nemi a kwashe kowace yamma, kuma haƙƙin shugabanninsu ne su tsaya a kan haka kamar yadda suke tsayawa in an taɓa kuɗin sauke kaya.

Gangamin kisa kuwa mun gan shi. A 2016, da Lassa ta tayar da hankali, jami'an duba-gari sun bi kasuwannin Legas suna kashe ɓeraye, jaridu suna buga adadi. Yau a je a duba. Masu cewa a riƙa biyan kuɗi kan kowane ɓera su tuna Hanoi a 1902, lokacin da Faransawa suka sa lada a kan wutsiya: mutane suka riƙa yanke wutsiyar su saki ɓeran ya ci gaba da haihuwa, wasu ma suka shiga kiwonsa.

Abin da ke ba ni takaici shi ne wasu sun ɗauki dabbar da muke ƙona daji dominta sun mai da ita abin alfahari. A Morogoro ta Tanzaniya ƙungiyar APOPO tana horar da gafiya, 'yar uwar tamu ta kusa, ta shinshino nakiyar da aka binne. Ba ta da nauyin da zai tayar da nakiya, hancinta kuma ba ya kuskure da yawa. Sun yi aiki a Mozambik, wadda aka ayyana ta rabu da nakiyoyin da aka sani a 2015. Wani namijin gafiya mai suna Magawa ya gano nakiyoyi da bama-bamai fiye da 100 a Kambodiya, an kuma ba shi lambar zinariya a 2020. Gafiyoyin suna kuma shinshinar kaki su gano tarin fuka, samfuri 100 cikin kimanin minti 20, suna tsamo masu cutar da gwajin asibiti ya tsallake. Najeriya tana cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yawa a Afirka, manoman Borno da Yobe kuma har yanzu suna taka abin fashewa a gonakinsu. A dajin Ngel Nyaki da ke tsaunin Mambila masu bincike sun nuna gafiya tana kwasar manyan 'ya'yan itatuwa ta binne, waɗanda ta manta su tsiro. Wutar da samari ke cinna wa daji da rani don gafiya ɗaya tana cinye ciyawar dabbobi, tana kuma koro ƙananan ɓerayen daji zuwa cikin gidaje a daidai lokacin da Lassa ke tashe.

Ba na neman abin da ya fi ƙarfin Legas. A hana sayar da gubar ɓera sai a shagon da ke da rajista, cikin kwalin da ke da suna da gargaɗi da Hausa da Yarabanci da Turanci, masu tallan kuma a koya musu sayar da tarko da raga da gyaran ƙofa don kada a raba su da abinci. Sarakunan Hausawa da shugabannin sassan kasuwa su sa dandamali da rufe kafa cikin sharaɗin riƙe shago, limamai su taɓa maganar a huɗuba kafin hunturu. Jihar nan kuma tana da jami'o'i a Akoka da Ojo da cibiyar binciken lafiya a Yaba. A tura ɗalibai su ɗana tarko a Mile 12 da Daleko da Ido da mayankar Oko-Oba, rani da damina, a tantance nau'in da aka kama a kowane wuri, a gwada abin da ke jininsu da fitsarinsu, sannan a kira taro a faɗa wa 'yan kasuwa sakamakon da harshen da suke ji.